Gauraka Mai Gajeriyar Ƙafa

Ya ku 'ya'yana, akwai wata magana da na bari tana yawo a garin Gashuwa shekara da shekaru ban tanka ba, na kuma san ta iso kunnuwanku tun kuna ƙanana. Ana cewa mahaifinku, wanda yake sa yaro ya sake kwafe shafi guda saboda ɗigon tawada ɗaya, shi ne ya zana wa kwaleji tsuntsun da ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma har ya bar aiki bai lura ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ni na zana shi, ƙafarsa ta hagu kuwa gajera ce. Amma cewa ban lura ba, wannan ba haka ba ne, domin babu ranar da na shiga ƙofar kwalejin ban ga wannan ƙafa ba. Yanzu da ido ya yi rauni, hannu kuma ya soma rawa, na ga ya wajaba in rubuta muku yadda abin ya faru bi da bi, kada in tafi in bar ku da zargin da ba ku da amsarsa.

Kakanku ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Nguru, shi ya kai ni makarantar mishan bayan na yi nisa a karatun allo. A can wata Baturiya ta koya mana rubutu da zane, ba ta zama ba tare da rula a hannu ba, kuma rular ba don ja layi kaɗai take riƙe ta ba. Dokarta guda ce: duk aikin da ido zai iya ganin inda za a gyara, to ba a gama shi ba. Na haddace wannan doka kamar yadda na haddace Fatiha, ita ta ciyar da ni, ita ce kuma ta kusa hallaka waɗansu bayin Allah da ba su ji ba, ba su gani ba. Lokacin da kwaleji ta ɗauke ni shugaban ɗakin ɗab'i, ni aka ɗora wa zana tambarinta. Na zaɓi gauraka, irin wanda na saba gani a fadamar Dagona, yana tsaye a kan buɗaɗɗen littafi, da tukkunsa a baje. Hukumar kwaleji ta amince, aka yi mini barka, na ɗauka magana ta ƙare.

A wancan zamani ba mu da na'urar da za ta adana zane. Abin da muke da shi injin murza takarda ne, wanda ake ɗaura wa takardar kaki da muke kira sitansil. Da alƙalamin ƙarfe ake kankare zanen a jikin kakin, a murza, tawada ta ratsa ta fito a kan farar takarda. Sitansil ba ya daɗewa, in an murza 'yan ɗaruruwa sai ya yage, dole a sake zana sabo. Ga kuma sassan kwaleji kowanne da bukatarsa: asibiti na son katin marasa lafiya, laburare na son katin aron littafi, ɗakin cin abinci na son tikiti, ofishin ɗakunan kwana na son takardar rabon gado, ofishin jarrabawa na son takardar shaidar sakamako. Kowannensu da gauraka a sama, kowane gauraka kuma da hannuna nake zana shi, ban taɓa yarda wani ya taɓa ba. Allunan ƙofofi ma ni nake hawa tsani in yi musu fenti. Kuma duk lokacin da na zauna zan sake zana shi, sai na dubi na baya na ga abin gyara. Wata shekara na ƙara wa tukkun gashi biyu. Wata shekara na ga wuyan ya yi kauri na rage. Wata shekara na juya kansa ya dubi dama, domin an koya mana cewa hoto ya fi kyau ya dubi cikin shafi. Ina yin haka ina jin daɗi, a zatona aiki nake kyautatawa.

A tsakiyar shekarun casa'in aka yi wata damina da ciwon idon nan da ake kira afolo ya game gari. Ya kama ni daidai makon da ofishin jarrabawa ke jiran takardun shaida na masu fita. Idona na dama ya rufe ruf, na hagu yana zubar da ruwa. Mahaifiyarku Yagana ta roƙe ni in kwanta, magatakardan kwaleji ya ce a ɗora tsohon zane a kwafe, ni kuwa na ce ba a haifi wanda zai zana gaurakana ina raye ba. Na zauna da ido ɗaya na kankare shi, aka murza, aka buga sunaye da maki, aka sa hannu, aka raba. Sai da idona ya washe na ɗauki ragowar takarda ɗaya na duba, na ga ƙafar hagu ba ta kai littafin ba, ta tsaya a sama kamar tsuntsun ya taka garwashi. Na ji kunya ƙwarai, na jefa takardar a ƙasan akwati, na zana sabo mai kyau don wasiƙun ofishin Shugaban kwaleji, ban gaya wa kowa ba.

Bayan kamar wata takwas, wata ranar Talata da hantsi, ina cikin ɗakin ɗab'i sai aka yi sallama. Wani dattijo ne baƙi dogo, da alamar rana da ruwa a jikinsa, bayansa wata budurwa ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Na gane ta, Falmata ce, tana cikin waɗanda suka fita a shekarar afolo, yarinya mai tsabtar rubutu. Dattijon mahaifinta ne, Baba Gaji, masunci daga Dagona. Na ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Malam, an ce kai ne mai tsuntsu," in ji shi.

Na ce ni ne.

"To, tsuntsunka ya ci mu. Ni ban san boko ba, amma na san ƙidayar kifin da na shanya kafin yarinyar nan ta gama makarantar nan. Yanzu an ce takardarta ta ƙarya ce. Falmata, gaya masa da bakinki."

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba Malam, mun je Damaturu ganawar ɗaukar malamai, mu goma sha ɗaya daga nan. Sai suka ɗauko wasiƙar da Shugaba ya aika da sunayenmu, suka ajiye kusa da takardunmu. Suka ce tambarin ba iri ɗaya ba ne. Sun riƙe takardun, sun ce na jabu ne. Wani ma cewa ya yi a kira 'yan sanda."

"A Dagona yanzu," in ji tsohon, "mata in sun gan ta a bakin ruwa sai su yi shiru. Aikin ma a bar shi, Malam. Sunan nake so a dawo mana da shi."

Ban tsaya na ba su amsa ba, na wuce ofishin Shugaba, na tarar wasiƙar hukumar ɗaukar malamai ta riga ni isa. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne, hukumar ta bincika fayil ɗinta ta sami wasiƙu da takardun kwalejinmu da tambari iri biyar. Ta ce makarantar da ke da tambari biyar ba ta da ko ɗaya, kuma ba za ta karɓi sababbin takardu a madadin waɗanda ta riƙe ba, domin wanda ya iya buga na farko zai iya buga na biyu. Sharaɗinta shi ne kwaleji ta tsayar da tambari guda, ta rantse a kansa, sannan bayan mako biyu hukumar ta aiko jami'inta ya zaga ya gani da idonsa ko shi ne ake amfani da shi a ko'ina. Takardar da ta dace da shi ta tsira, wadda ta saɓa ta faɗi, kuma a ranar za a rufe jerin waɗanda aka ɗauka. Ina faɗa muku abin da na yi da farko, ko da yake ba abin alfahari ba ne: na ɗora laifin a kan wasu. Na ce lallai akawun asibiti ko mutanen kicin ne suke kwafar zanena a ɓoye suna ɓata shi. Shugaba mutum ne mai haƙuri, ya girmama furfurata bai yi musu da ni ba, ya ce kawai in tattaro samfurin kowane sashe in duba, gobe mu yi magana.

Da la'asar na kwaso su na kawo gida, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake, na jera su. Mahaifiyarku tana gefe tana haɗa turaren wuta, kun dai san ita da kaskonta da kwalabenta. Na daɗe ina neman hannun wani a cikin zanen nan ban samu ba, kowane layi nawa ne, na san shi kamar yadda na san muryoyinku. Ta leƙo ta kafaɗata, ta dube su, ta ce:

"Malam, waɗannan 'yan uwa ne, amma ba tsuntsu ɗaya ba ne. Wannan yana kallon gabas, wannan yana kallon yamma. Wannan kuma ya sha miya ya yi wuya."

Na ce mata ba a wasa da aikin gwamnati. Na ce gyara ne nake yi kowace shekara, kuma duk wanda ya san zane zai ga na bana ya fi na bara.

"Ni ban san zane ba," ta ce, "turare na sani. Shekara ashirin murfin kwalbar nan nake awo da shi. Na sha jin a raina cewa in na ƙara farce kaɗan zai fi ƙamshi, kuma na san zai fi. Amma ranar da na ƙara, matar da ta aiko daga Machina za ta shinshina ta ce wannan ba na Yagana ba ne, an cuce ta. Ba mafi ƙamshi take nema ba, wanda ta sani take nema."

Na ce turare daban, tambari daban.

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma 'yar mutane tana can ana ce mata mai jabu, kai kuma kana nan kana zaɓen wuya."

Maganar ta yi mini zafi, har na ƙi cin abincin da ta ajiye mini. Amma gaskiya ce tsagwaronta. Shekara da shekaru ina tsammanin amana nake tsarewa, ashe ni ne nake warware ta da hannuna, sannu a hankali, da kyakkyawar niyya.

Washegari na koma wurin Shugaba na faɗa masa cewa babu hannun kowa sai nawa. Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo zanen da ke kan wasiƙunsa, wanda shi ne mafi kyawun abin da na taɓa yi, ya ce:

"Baba Adamu, abin da ya wuce ya wuce. Mu tsayar da wannan, shi ne na fita kunya. Yaran nan kuwa mu ba su haƙuri, mu sake musu takardu, su jira ɗauka ta gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe ce ɗauka ta gaba?"

Ya ce Allah ne masani, wataƙila baɗi, wataƙila shekara uku.

Na ce, "Kafin nan da wane suna za a riƙa kiransu a garuruwansu?"

Na buɗe jakata na fito da takardar nan da na ɓoye a ƙasan akwati, na shimfiɗa a gabansa. Ya dube ta, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Baba, wannan ai gurgu ne."

"Gurgu ne, ranka ya daɗe. Amma shi ne a kan takardun yara goma sha ɗaya da ke Damaturu. Waɗanda suka fita kafin su sun riga sun kama aiki, ana iya sake musu a tsanake. Waɗannan su ne a bakin rami."

"Ka san in muka rantse a kansa, shi ke nan? A ƙofa, a mota, a rigar wasanni, har bayan ni da kai. Kuma kowa ya san kai ka zana."

Na ce na sani. Mutum ya yi shekara arba'in yana gudun karkataccen layi, sannan a wayi gari aikin da za a tuna shi da shi ya zama wanda ya yi da ido ɗaya.

Sauran matsalar ita ce lokaci. Kwana goma sha biyu suka rage, ga alluna sun fi ashirin, ga kati da tikiti da takardun sassa biyar. A yadda na saba, allo ɗaya yana cin yini biyu, domin sai na auna, na ja layi da fensir, na yi fenti, na sauko na ja da baya na duba, na sake hawa. Ko da zan iya, hannuna ba abin yarda ba ne, domin na san da na kai ga ƙafar nan zai ƙara mata tsawo ba tare da na umarce shi ba. Dole a sami hanyar da za a cire hannuna daga aikin gaba ɗaya. Sai na tuna da Alhaji Sabo a Nguru, abokin ƙuruciyata, wanda kakanninsa suka zo daga Kano, mai ƙirar gwangwani da yanka hatimi a bakin kasuwa. Shi yake yanka wa 'yan kasuwa faranti mai huji da suke buga sunayensu a jikin buhunan gyaɗa. Na ɗora takarda mai shara-shara a kan gurgun zanen na kwafe shi layi bayan layi, ina danne zuciyata, na faɗaɗa shi gida uku ta hanyar zana murabba'ai, babba na alluna, matsakaici na ƙofofi, ƙarami na takardu. Da sassafe na hau motar Nguru.

Alhaji Sabo ya karɓi zanen ya ɗaga shi sama, ya karkata kai, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Ɗan mishan! Yau ga ranar da na daɗe ina jira. Kai da ka ce mini harafin da na yanka a hatimin Alhaji Modu ya sha giya? Wannan tsuntsun ƙaya ya taka, ko rawa yake koyo?"

Na ce ya gama dariyarsa ya yanke mini shi.

"Kada ka damu, zan ja masa ƙafar in sauke ta, ba wanda zai ji labari. Sirrinka a cikina."

Na ce, "Sabo, in ka ƙara mata ko da faɗin gashi, zumuncinmu ya ƙare. Ka yanke shi yadda ka gan shi, har da gurguntakar."

Ya daina dariya ya dube ni da kyau. Na ba shi labarin Falmata a taƙaice. Ya ture aikin da ke gabansa gefe, ya jawo falle na langa-langa da kurfi da guduma. Kwana biyu na yi a Nguru ina tsaye a kansa da rula, yana cewa in matsa ina tare masa iska. Ya yanke faranti uku na tsuntsun, da faranti na haruffa duka tsayi ɗaya, da hatimi na roba guda shida daga zane ɗaya. Zanen ƙaramin kuma muka aika Kano a hannun wani direba amintacce aka zuba shi a ƙarfe, domin maɗaba'a ta buga mana takardu masu yawa a lokaci guda, tambari a sama, ƙarƙashinsa fili, kowane sashe ya buga sunansa a filin da hatiminsa. Ta haka takarda iri ɗaya za ta yi wa asibiti da laburare da ofishin jarrabawa, ba sai an yi wa kowa nasa ba.

Fenti ma sai da aka yi masa doka, domin koren da ake sayarwa a kasuwa kowane gwangwani da irin nasa. Na ari dabarar mahaifiyarku ban gaya mata ba: gwangwanin madara shi ne ma'auni, kore uku, fari ɗaya, ba ƙari ba ragi, kuma na shafa samfurin a jikin katako na rataye a ɗakin ɗab'i don a riƙa gwadawa. Na rubuta ƙa'idodin duka a shafi ɗaya tak: tsuntsu a hagu, tazarar yatsa huɗu tsakaninsa da rubutu, sunan kwaleji a sama, sunan sashe a ƙasa, kada a ƙawata, kada a gyara. Kalmar ƙarshen nan don kaina na rubuta ta. Sannan na tara masinjoji da masu gadi da magina biyu na kwaleji, mutanen da ban taɓa bari su riƙe mini ko da buroshi ba, na nuna musu yadda ake manna faranti a allo a dangwala soso a fenti a bubbuga. Allon da nake kwana biyu a kansa, sai ga mai gadi ya gama shi kafin a kira azahar, kuma ba ka iya bambanta nasa da na magini. Na tsaya ina kallo, rabin zuciyata tana murna, rabi tana makoki. Shugabar kicin ta fito ta ga sabon allonta, ta riƙe baki ta ce, "Baba, wannan in an yanka shi cinya ɗaya za a samu." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi ƙoƙarin yi. A kwana na goma sha ɗaya muka kwashe tsofaffin kati da tikiti da sitansil muka kulle a sito, takardun Kano suka iso, aka raba wa sassa.

Jami'in hukumar ya zo ranar da aka ce, wani siririn mutum marar fara'a, da jakar fata a hammata. Da na ga ya fito da rula daga aljihu sai na ji ya kwanta mini, na san aƙalla da mai aiki muke magana. Baba Gaji da Falmata suna zaune a gindin dalbejiya tun safe, tare da wasu daga cikin iyayen. Jami'in ya fara daga ƙofar shiga, ya je asibiti ya karɓi kati, ya shiga laburare, ya nemi tikitin abinci a hannun wani ɗalibi da ya tare a hanya, ya leƙa ofishin ɗakunan kwana. Sannan muka koma ofishin Shugaba. A can ya buɗe jaka ya fito da takardun nan goma sha ɗaya, ya ɗora ta Falmata kusa da sabuwar takardarmu, ya auna tukku, ya auna wuya, ya auna ƙafar dama, ya auna ta hagu, ya sake auna ta hagu. Sannan ya ɗago ya ce:

"Wa ya zana wannan?"

Na ce ni ne, na kuma gaya masa yadda aka yi tun daga afolo har zuwa tambari biyar, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama.

"Malam," in ji shi, "na daɗe ina kama takardun jabu. Mai jabu yakan yi ƙoƙari aikinsa ya fi na gaskiya kyau. Da shi ya yi wannan, da ya miƙe ƙafar. Ku riƙe tsuntsunku yadda yake, kada in sake ganin wani."

Ya sa hannu a bayan kowace takarda, ya buga hatiminsa, ya ce sunayensu za su shiga jerin. Ban san lokacin da na zauna a kujerar da ba a ba ni ba. Shugaba da kansa ya fita ya sanar da iyayen, na ji guɗa ta tashi daga gindin bishiya. Da na fito, Baba Gaji ya kama hannuna da hannayensa biyu yana godiya. Na ce masa kada ya gode mini, ni ne na jawo musu wannan wahala tun farko, ya yafe mini. Ya ce, "Malam, kwalekwalen da ya yi yoyo, in mai shi ya toshe da rigarsa, ba a tambayarsa ina riga." Falmata ta fara koyarwa a Jajimaji a farkon zangon da ya biyo baya. A ranar da aka wanke su na koma gida na ci tuwo kwano biyu, mahaifiyarku tana kallona, sai da na wanke hannu ta tambaye ni ko gwangwanin madararta da ya ɓace yana wurina.

Daga wannan shekara ban sake zana tambarin kwaleji ba. Aikin da a da yake cinye mini rabin shekara ya koma abin da kowane akawu zai yi da hatimi da takardar ƙa'ida, har wasu suka fara cewa ɗakin ɗab'i ba ya bukatar shugaba. Ban ji haushinsu ba, domin gaskiya suka faɗa, ni na mai da shi haka. Ɗalibai kuma suka sa wa tsuntsun suna, har da waƙarsa a filin ƙwallo, wadda na san wasunku sun ji, na kuma san wanda ya yi dambe a kanta. Ban yi bayani ba a lokacin, domin bayanin zai sake tono sunan yaran da aka riga aka wanke, a riƙa cewa ai su ne waɗanda aka taɓa zargi.

Ana saura shekara ɗaya in yi ritaya, bayan shekara ta dubu biyu ta wuce, kwaleji ta sayi kwamfuta, aka ɗauko wani jami'i mai suna Malam Bukar ya riƙa kula da ita. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Ya shigar da tambarin cikin na'urar, ya kira ni in gani, ya faɗaɗa shi har ƙafar ta cika gilashin. Ya ce cikin ladabi:

"Baba, in ka yarda in sauke ta. Minti ɗaya ne, ba wanda zai san an taɓa."

Na daɗe ina kallon ƙafar nan. Shekara kusan goma ina mafarkin wannan minti ɗaya. Sannan na tuna cewa daga Machina har Dagona akwai akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadaje, a cikinsu akwai takardu a naɗe cikin leda, kowace da wannan ƙafa, kuma ranar da aka miƙe ta a na'ura, ranar ce dukkansu za su koma abin tuhuma. Na ce masa ya bar ta, na kuma sa ya ƙara a takardar ƙa'ida cewa gajartar da gangan aka bar ta. Ya rubuta, na karanta, na sa ya gyara waƙafi ɗaya.

Wannan shi ne labarin. Ban nemi ku yi jayayya da kowa a kansa ba, wanda ya yi dariya ku bar shi ya yi, ƙafar dai gajera ce. Amma bayan na yi ritaya na zauna a tsanake na zana gauraka guda, da ido biyu, na kwashe wata uku a kansa, kuma ban ga abin gyara a jikinsa ba. Yana cikin jakar fata a saman kabad ɗin ɗakina. Duk wanda a cikinku yake shakkar ko mahaifinsa ya iya zana ƙafar tsuntsu, ya sauko da shi ya duba, ya auna da rula in yana so. In ya gama ya mayar da shi inda ya ɗauko, kada ya fita da shi daga gidan nan.